Kafin a taɓa shakazoba, a fara da soson sirdi

Ni gajere ne, babur ɗina kuma dogo. Daga matsematsina zuwa ƙasa santimita 74 ne, sirdin babur ɗin kuwa ya haura 82 a yadda ya fito daga kamfani. Duk mai irin tsayina ya san halin da ake shiga. Muddin taya na juyawa babu damuwa, amma da ka hango wurin tsayawa sai gabanka ya ɗan faɗi, ka shiga leƙen ƙasa kana neman inda ba kwari, ba tsakuwa, ba gangara. Tunanin da ya kamata ya tafi kan motar da ke bayanka sai ya koma kan yatsun ƙafarka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na jin daɗin yadda dogayen mutane ke cewa kawai ka saba.

Masu tambayata yadda na yi, kusan kowa da amsarsa yake zuwa: a sauke shakazoba. Ni kuwa a ganina ita ce ta ƙarshe da za a taɓa, in ma har za a taɓa ta. Duk santimitar da ka rage wa babur, daga wani wuri ka ɗebo ta. In daga soso ka ɗeba, abin da ka yi asara soso ne, gobe ana iya mayar da shi da gam. In daga shakazoba ka ɗeba, ka taɓa abin da ke manne taya da ƙasa a cikin kwana da kan rami. Shi ya sa nake cewa aikin daga sirdi yake farawa, kuma ga mafi yawan mutane a nan yake ƙarewa.

Da farko auna kanka. Sa takalmin da kake hawa babur da shi, ka jingina da bango, ka matsa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka tura shi sama da ɗan ƙarfi, wani ya auna maka daga bakin littafin zuwa ƙasa. Sannan ka duba lambar da kamfani ya rubuta. Honda Rebel 500 milimita 690 ne, Kawasaki Ninja 400 milimita 785, BMW R 1250 GS ana iya sa shi a 850 ko 870, Honda CRF300L kuwa 880. Sai dai wannan lamba rabin labari take bayarwa. A miƙe ake auna ta daga ƙasa zuwa kan sirdi, galibi ba kowa a kai, alhali ƙafar mutum ba a miƙe take sauka ba, sai ta zagaya faɗin sirdin da jikin babur tukuna. Ka ɗauki ganga a kwance da siririn katako, ka ɗora su a tsayi ɗaya, ka hau kowanne ka raba ƙafa: a kan katakon tafin ƙafarka zai zauna daram, a kan gangar sai ka tarar kana lilo. Kamfanin BMW ya gane haka, shi ya sa ban da tsayin sirdi yakan ba da lamba ta biyu, wato tsawon layin da ya taso daga ƙasa ya bi ta kan sirdi ya sauka ɗaya gefen. Ita ce ta fi kusa da abin da ƙafa ke ji. Akwai kuma nutsewa: babur ɗin daji mai doguwar shakazoba yana sauka sosai da ka zauna, na titi kuwa kaɗan yake motsawa. Don haka siririn babur mai 880 yana iya fin mai faɗi mai 830 sauƙin kai ƙafa.

Akwai tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa kafin ya ɗauki wuƙa: ƙafa nawa kake bukata a ƙasa? Mutane da yawa sun ɗauka sai tafin ƙafa biyu sun shimfiɗu. Ba haka ba ne. Gaston Rahier, ɗan ƙasar Beljiyam, tsayinsa mita 1.64 ne, ya ci gasar Paris-Dakar, tseren nan mai ratsa hamada, a 1984 da 1985 a kan wani zungureren BMW wanda sau da yawa sai ya tayar da shi yana tafiya a gefensa sannan ya ɗare. Ba cewa nake kowa ya zama shi ba. Abin da nake nufi, ƙafa ɗaya mai ƙarfi a ƙasa ta fi biyu masu ɗage. Kana gab da tsayawa ka zame mazaunanka kaɗan zuwa hagu, ka ɗan karkata babur ɗin can, ƙafar hagu ta sauka gaba ɗaya, ta dama tana kan birkin baya. In titin ya gangara ta hagu, sai ka sauke ta dama, ɓangaren da ƙasa ta fi kusa. Wanda ya iya wannan zai ga santimita biyu ko uku kawai yake nema, ba bakwai ba, kuma biyu ko uku suna cikin soso.

To, ga yadda ake aikin sirdin. Cire shi ka kifa a kan tebur. Za ka ga rigar an ja ta an ɗame a jikin farantin roba na ƙasa da ƙananan ƙusoshin sitefula a jere. Da siririn sukudireba da filaya za ka zare su ɗaya bayan ɗaya, ba da gaggawa ba, don kada rigar ta yage. Ba lallai ka cire duka ba, ka bar na can baya, ka naɗe rigar ta koma baya, hakan zai sauƙaƙa maka daidaita ta daga baya. Kafin ka yanka komai, soka siririn ƙarfe a wurare da dama ka ga kaurin soson, domin farantin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da tudu a inda batir ko firam ya taso, kuma a irin wurin soson na iya zama bai kai rabin yadda kake zato ba. Sai ka mayar da sirdin kan babur haka tsirara, ka zauna yadda kake zama in kana tuƙi, wani ya zana maka da alli inda mazaunanka suka tsaya. Ka matso gaba kamar za ka tsaya, ka sauke ƙafa, ya sake zana inda cikin cinyarka ke gogar kafaɗar soson. Waɗannan zane biyu su ne taswirar aikin gaba ɗaya.

Zane na biyu shi ne inda ribar take. Kafaɗun nan biyu na gaban sirdi, kusa da tanki, su ne ke buɗe maka ƙafa. Ka fara da su, ka sassaƙe su su kwanta, su zama gangara mai santsi maimakon kusurwa. Doguwar wuƙa mai haƙora tana yi, ta lantarki ta fi yanka a miƙe, sannan a bi da samfefa mai kaushi a naɗe a jikin katako. Garin soso yana tashi yana manne wa komai, ka rufe hancinka. Ka ja layi a tsakiyar sirdin daga gaba zuwa baya kana auna hagu da dama daga gare shi, domin ido yana ruɗi, kuma bambancin rabin santimita da ba ka gani ba, ƙugunka zai gaya maka bayan tafiyar awa ɗaya. Yanka kaɗan, ɗora, zauna, sauke ƙafa, sake cirewa. Ni a nawa, kafin in taɓa saman sirdin ko kaɗan, rage kafaɗun nan kawai ya sa ƙafata ta tashi daga kan yatsu ta koma kan tudun tafin ƙafa. Lambar tsayin ba ta canza ba, amma tsayuwata ta canza.

In hakan bai isa ba, sai a rage saman. A nan ne ake bukatar taka-tsantsan, domin a nan ragin tsayi da jin daɗin zama suke karo. Ka bar soso aƙalla santimita uku tsakaninka da faranti a wurin da ya fi siranta. In abin da zai rage bai kai haka ba, gara a ƙwaƙule tsohon soson a wurin zama, a dasa wani mai tauri da nauyi a manne da gam, a shafe samansa da siririn soso mai laushi don ya ɓoye gaɓar.

Na san maganar soso mai tauri tana ba mutane mamaki. Kowa in ya je duba babur sai ya danna sirdi da babban yatsa, in ya lotsa ya ce wannan zai yi daɗi. Zai yi daɗi na minti ashirin. Bayan nan soson ya gama matsewa, kana zaune ne a kan faranti, gefunan kuma sun taso sun matse maka cinya, iska ba ta shiga, zafi da gumi sun taru. Jikin mutum a zaune yana ɗora nauyinsa ne a kan ƙasusuwa biyu na ƙasan ƙugu, kuma kana iya ganin naka da idonka: ɗora kwali mai kauri a kan benci mai tauri, ka zauna a kai ka ɗan ɗaga gwiwoyi, ka tashi. Za ka ga lotsawa biyu. Tsakaninsu a yawancin manya bai wuce santimita 10 zuwa 14 ba. Aikin sirdi shi ne ya tallafi waɗannan wurare biyu da naman da ke kewaye da su, ya raba nauyin a fili mai faɗi. Sirdin da ya yi tudu a tsakiya kuwa yana ɗora nauyin a tsakanin ƙasusuwan, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke, daga nan ne sagewar nan take zuwa, wadda mutane ke jin nauyin faɗa. Don haka siffar da nake nema kullum ita ce: gaba siriri don tsayawa, baya mai faɗi kuma shimfiɗaɗɗe, ko ma da ɗan kwari kaɗan, don tafiya. Bukatun nan biyu ba sa faɗa da juna, tunda ba a wuri ɗaya kake zama ba in kana tafiya da in kana tsaye.

Sai gangara. Sirdi da yawa sun karkato gaba, kowane taka birki sai ka zame ka haɗu da tanki, wando ya tattare, fata ta ja, hannuwa su yi ta tokare kan babur suna mayar da kai baya. Ciwon wuyan hannu da na kafaɗa da ake ɗora wa kan babur, wani lokaci daga sirdi yake. In ka zo rage sama, ka fi ragewa ta baya-bayan wurin zaman don ya kwanta daidai. Kuskuren da na fi gani a sirdin da aka gyara shi ne a ƙwaƙule rami mai zurfi a gaba kawai. Ƙafa ta kai ƙasa, amma mutum ya maƙale a wuri ɗaya ba ya iya matsawa gaba ko baya, alhali wannan ɗan motsin shi ne ke hutar da jiki a doguwar tafiya.

Kada kuma a manta da gwiwa. Matakin ƙafa yana nan inda yake, ka sauke sirdi santimita huɗu, gwiwarka ta ƙara lanƙwashewa ke nan. Ga gajere sosai wannan ba matsala ba ce, ƙafarsa ma ta fi samun daidaito. Amma mai matsakaicin tsayi da ya rage da yawa don kawai ya ji tafin ƙafa biyu a ƙasa, zai biya da ciwon gwiwa da na ƙugu.

Wajen mayar da riga, shimfiɗa siririyar leda a kan soson tukuna, saboda soso in ya sha ruwa ta ɗinki yakan kwana biyu yana jiƙa maka wando. Ka bar rigar a rana ta yi laushi. Fara bugawa daga hancin sirdi, ka ja zuwa baya, sannan gefe da gefe kana musanyawa, hagu ɗaya dama ɗaya, kana shafe tattara da tafin hannu. Ƙusoshin su zama gajeru, kamar milimita 6, waɗanda ba sa tsatsa. Dogo zai huda faranti ya fito ta cikin soso. Tunda soson ya ragu rigar za ta yi yawa, ka ja ta ɗame ka yanke saura. In siffar ta canza sosai, ɗinka sabuwa ya fi, kuma a nan mai gyaran kushin ya fi ka hannu. Ka je masa da babur ɗin, ba da sirdin kaɗai ba, ka zauna a gabansa ya gani.

Abubuwan da ake ɗorawa a sama ba zan daɗe a kansu ba. Matashin iska, wanda fasaharsa ta samo asali daga matashin keken marasa lafiya, yana aiki sosai in an sa masa iska kaɗan, amma yana ƙara tsayi, abin da muke gudu. Rigar raga mai kauri tana barin iska ta ratsa, ita ma tana ƙara kusan santimita ɗaya. Matashin jel, wato mai wani abu mai danƙo a ciki, yana raba nauyi, sai dai in babur ya yini a rana yakan riƙe zafi ya daɗe bai huce ba. Takalmi mai kaurin ƙasa yana ba da santimita ɗaya ko biyu a sauƙaƙe, ka dai ɗaga sandar giya kaɗan don ƙafar ta shiga ƙarƙashinta. Canza taya zuwa mai gajeren gefe kuwa ba na ba da shawara, yana ɓata lissafin agogon gudu da na birkin ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an damƙe birki, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Kafin a kai ga sauke shakazoba akwai abu ɗaya da ya halatta a yi mata, wato a daidaita ta da nauyinka. Ku zama ku uku. A ɗaga bayan babur har taya ta bar ƙasa, a auna daga tsakiyar ƙarfen da taya ke juyawa a kai zuwa wata alama da aka manna a jikin babur daidai samansa. A sauke, ka hau da kayan hawanka, ƙafa biyu a kan mataki, ɗaya ya riƙe babur, ɗaya ya sake aunawa. Bambancin shi ne nutsewarka, kuma ana so ya kama tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar da shakazoba ke barin tayar baya ta yi sama da ƙasa. In tafiyar milimita 130 ce, kana neman kamar 35 zuwa 40. Mara nauyi sau da yawa zai tarar nasa bai kai ba, musamman in wanda ya riga shi hawa ya ɗaure sifirin don ɗaukar mutum biyu. Sassauta zoben da ke matse sifirin har ka kai adadin, ka samu milimita goma ko sha biyar ba ka rasa komai ba, babur ɗin ma ya fi bin ƙasa. Amma ka tsaya a nan. Wanda ya kwance zoben gaba ɗaya don neman ƙasa ya cinye tafiyar da shakazoba za ta yi in ta haɗu da rami.

In duk an yi wannan ƙafa ba ta kai ba, to sai a sauke babur ɗin, a kuma sauke shi da ilimi. Fara duba ko kamfanin ya tanadi hanya. Suzuki DR650 an ƙera shi yadda za a iya sauke shi daga milimita 885 zuwa 845 ta hanyar sauya zaman wasu sassa a cikin shakazobar gaba da ta baya. Kawasaki ya fitar da KLR650 S mai 815 a gefen na asali mai 870, Honda kuma yana da CRF300LS mai 830. Waɗannan injiniyoyi sun yi lissafinsu. Wanda bai sayi babur ba tukuna, ya fara nan.

Hanyar da aka fi bi a babur mai shakazoba ɗaya a baya ita ce canza ƙarafan nan biyu da ke haɗa ta da hannun taya, wato dogon ƙarfen da ke riƙe tayar baya. A yawancin babura ƙara musu tsawon 'yan milimitoci yana sauke baya da santimita biyu ko uku. Mai shakazoba biyu kuma akan sa masa gajeru. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne taya ta matso kusa da murfinta, amma tafiyarta ba lallai ta ragu ba, don haka ranar da ka ɗauki mutum ka faɗa rami, tana iya dukan ƙarƙashin sirdi ko ta ci wayoyin da ke wurin. Canza ƙarafan yana kuma sauya yadda nauyi ke danna sifirin, sau da yawa baya ya ƙara laushi. Sannan in baya kaɗai ya sauka, gaba ya ɗaga ke nan: fitila tana haska sama, babur yana nauyin shiga kwana yana neman buɗewa. Maganinsa a sassauta ƙusoshin da ke riƙe sandunan gaba a tura su sama cikin maƙallansu, hagu da dama daidai wa daida, a ɗaure da ƙarfin da littafin babur ya faɗa. Shi ma da iyaka. In ya wuce kima kan babur zai yi rawa a gudu, murfin tayar gaba kuma zai iya dukan maƙalli ko radiyeto in ka damƙe birki. Ɗaura siririn igiyar roba a jikin sandar, ka yi tafiyarka ta yau da kullum, ka duba inda aka tura ta. Za ta nuna maka yawan tafiyar da kake ci da abin da ya rage. Aikin da ya fi inganci shi ne bakaniken da ya san shakazoba ya buɗe su ya sa abin da zai rage tsawonsu daga ciki, ya zaɓi sifirin da ya dace da nauyinka. Ta haka taya ba za ta wuce inda kamfani ya iyakance mata ba, ko da yake tafiyar ta ragu.

Ko ta wace hanya aka bi, cikin babur ya matso ƙasa. Tudun rage gudu da kake hayewa da can ba tunani, yanzu zai iya gogar salansa ko ƙasan inji, mataki kuma zai riƙa taɓa ƙasa da wuri a kwana. Sake duba sassaucin sarƙa kana zaune a kai, ka gyara saitin fitila. Jak ɗin tsakiya zai yi nauyin hawa fiye da da. Na gefe kuwa ya yi tsawo, babur zai tsaya kusan a miƙe, iska mai ƙarfi ko ɗan tudu a ƙarƙashinsa ya isa ya tura shi ya faɗi ta dama. A sayi gajere, ko mai walda ya yanke tsakiyarsa ya haɗa, kada ya taɓa tafin da ke ƙasa ko wurin da sifirin ke maƙalewa. A rage kaɗan a gwada a shimfiɗaɗɗen wuri, tanki cike, kan babur a juye hagu, har sai karkatar ta koma yadda take kafin a sauke shi.